Kyanwarmu ta kwana uku tana amai: in jira ko in kai ta wurin likita?

Wata baiwar Allah mai sana'ar ɗinki ta rubuto daga Tahoua, ga kuma abin da ta ce a taƙaice: "Assalamu alaikum. Mussar gidanmu, wadda ta kai shekara 2, yau kwana uku ke nan tana amai sau uku ko huɗu a yini. Da farko abinci take amayarwa, yanzu kuwa sai wani ruwa rawaya mai kumfa, kuma tun jiya da safe ba ta taɓa abinci ba, sai dai ta shige ƙarƙashin gado ta dunƙule. A ɗakin da nake ɗinki take wuni, sannan kwanan baya maigida ya zuba maganin ɓera a ɗakin ajiya. Surukata ta ce in ba ta rabin ƙwayar parasitamol, maigida kuma ya ce amai ɗabi'ar mussa ce, wai dariya za a yi mini idan na kai ta asibitin dabbobi. 'Yata ƙarama sai kuka take yi. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri a kan tausayin wannan dabba, ya kuma kwantar da hankalin 'yarki. Shawarata ita ce ki kai kyanwar wurin likitan dabbobi yau ɗin nan, ko gobe da sassafe idan dare ya riga ya yi, kuma kafin ki isa can kada ki bari a saka mata ko da ɓarin ƙwayar parasitamol a baki, domin wannan magani da muke sha kullum ba tare da fargaba ba, guba ne mai kisa a jikin kyanwa.

Maigidanki bai faɗi ƙarya ba da ya ce kyanwa na yawan amai. Dabba ce da ke ɓata lokaci mai tsawo tana lasar jikinta, gashin da harshenta ya kwaso kuma cikinta yake tafiya, wani ya fita tare da kashi, wani ya dunƙule har sai ta amayar da shi, musamman a lokacin zafi da gashi ke yawan zuba. Takan ci ɗanyar ciyawa ta dawo da ita. Idan yunwa ta sa ta haɗiye abinci da gaggawa, yakan dawo bayan 'yan mintoci kusan yadda ya shiga, ba tare da wani kakari ba. Madarar da muke zuba mata da niyyar gata ita ma tana ɓata cikin manyan kyanwoyi da yawa, saboda bayan yaye jikinsu yana rage iya narkar da sukarin da ke cikinta. Haka nan ragowar miya ko kifi da ya wuni a kwano cikin zafin rana. A duk waɗannan, abin da za ki lura da shi shi ne kyanwar takan yi aman sau ɗaya ko sau biyu, ta lashe bakinta, ta miƙe ta ci gaba da harkarta, kuma an jima kaɗan ta dawo tana zagaya ƙafarki tana neman abinci. Irin wannan ba ya bukatar a ɗauke ta zuwa ko'ina.

Taki ba haka take ba. Ma'aunin da ake bi shi ne halin da dabbar ke ciki bayan aman, da kuma yawan maimaituwarsa. Kyanwar da ta yi amai fiye da sau biyu ko uku a yini ɗaya, ko aman ya wuce awa 24 bai tsaya ba, ko ta daina cin abinci na yini guda, ko ta koma ɓuya da kwanciya a dunƙule, ta riga ta wuce matsayin a zuba mata ido. Taki ta haɗa waɗannan alamu huɗu gaba ɗaya. Ruwan nan rawaya da kike gani ruwan maɗaciya ne, kuma yana nuna cewa cikin ya zama wayam amma abin da ke tayar da aman bai gushe ba. Ki sani kuma kyanwa tana da halin ɓoye ciwo ƙwarai, ba ta kuka ko ɗingishi a gaban mutane sai abu ya yi nisa, saboda haka shigewarta ƙarƙashin gado ita ce ƙarar da take kawo miki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne ɗakin ɗinki. Kyanwa na son wasa da zare, ta kama shi da farce, ta tauna, kuma da zarar bakinsa ya shiga bakinta ba ta iya tofar da shi, saboda harshenta yana da ƙananan ƙayoyi da suka karkata zuwa maƙogwaro, duk motsin da ta yi don ta rabu da shi ƙara tura shi ciki take yi. Sau da yawa wani ɓangare na zaren yakan naɗe a gindin harshe ko ya maƙale a mafitar tumbi, sauran kuma ya zarce cikin hanji. Hanji yana ta ƙoƙarin tura shi gaba alhali an riƙe shi daga sama, sai hanjin ya tattare a jikin zaren kamar yadda ƙugun wando yake tattarewa idan kin ja zariya. Idan aka daɗe a haka zaren yana yanka bangon hanjin, ƙazantar ciki ta tsiyaya, kuma daga nan ceto yana wuya ko a hannun ƙwararren likita. Alamomin da kika lissafa, wato amai mai maimaituwa, ƙin abinci da zama a dunƙule, sun yi daidai da wannan matsala, kuma a wasu lokuta har da allura ake samu a bakin zaren. Ba na yanke hukunci cewa shi ne, domin sai an taɓa cikin an duba baki, wani lokaci har da ɗaukar hoto, kafin a tabbatar. Amma ki fara gaya wa likita cewa ke mai ɗinki ce tun kafin ya tambaye ki, don ya ɗaga harshen ya duba ƙarƙashinsa. Idan kuma ke da kanki kika hango zare yana leƙowa daga bakinta ko daga duburarta, don Allah kada ki ja shi, ko da kin ga kamar zai fito da sauƙi, saboda jan nan shi ne ke ƙarasa yanka hanjin. Ki bar shi yadda yake. Ledar da aka ƙulla nama ko kifi a ciki, da igiyar buhu, da ƙashin kaza da aka dafa, duk suna iya toshe hanji ta irin wannan hanya.

Sai maganin ɓera. Kyanwa ba ta cika cin gubar kai tsaye ba, sai idan an gauraya ta da kifi ko nama, amma tana iya cin ɓeran da gubar ta fara kamawa, tun da shi ne ya fi sauƙin cafkewa. Akwai iri biyu da aka fi samu a kasuwa. Ɗaya yana hana jini daskarewa, kuma ba ya nuna kansa sai bayan kwana 3 zuwa 5, sa'ad da dabbar za ta yi laushi, dasashinta ya yi fari fat, numfashi ya yi mata wuya, ko a ga jini a amai, a kashi ko a hanci. Wannan yana da makari, wato bitamin K1, wanda likita ke rubutawa a yi ta bayarwa na tsawon makonni. Ɗayan kuwa baƙin gari ne mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, yana aiki cikin 'yan awoyi, kuma aman dabbar da ta ci shi yana fitar da iska mai cutar da mutum, saboda haka a buɗe ƙofa da taga kafin a share, a kuma nisanta yara. Ki roƙi maigida ya nemo miki ledar ko kwalin maganin da ya zuba ki tafi da shi, domin sunan da ke jiki zai rage wa likita lalube. Kada a ɗura mata madara, mai ko ruwan gishiri da sunan karya guba. Ɗurar tana iya bi ta hanyar numfashi ta sauka a huhu, gishirin kuma shi kansa yana kisa idan ya yi yawa.

Na san surukarki da kyakkyawar niyya ta kawo shawarar parasitamol, domin abin da ya saba yi wa mutane amfani ne. Sai dai hantar kyanwa ba ta da isasshen abin da hantar mutum ke amfani da shi wajen sarrafa wannan magani ta fitar da shi. Yakan lalata jajayen ƙwayoyin jini har su kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya riƙa sarƙewa. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe babbar kyanwa, rabinta ma bai kuɓutar ba. Idan har an riga an ba ta kafin wannan amsa ta iso gare ki, kada ki ɓoye wa likita don kunya ko don kare wani, domin akwai makarinsa, amma a awoyin farko yake aiki sosai. Ibuprofen da asfirin da sauran magungunan ciwon jiki su ma suna ƙona tumbi su lalata ƙoda. Haka maganin tsayar da amai na mutane: ko da ya tsayar da aman, idan hanji a toshe yake ya rufe miki alamar ne kawai yayin da ɓarnar ke ci gaba.

Akwai wasu gubobin da ke zaune tare da mu a gida ba mu ɗauke su komai ba. Maganin ƙwari da ake kira piya-piya, wanda ake yayyafawa a ɗaki don sauro da kyankyaso, kyanwa takan taka shi ta lashe ƙafarta, sai a ga amai da dalalar miyau da makyarkyata. Maganin kaska da ƙuma na shanu ko na karnuka, musamman mai ɗauke da sinadarin fametirin, yana sa kyanwa jijjiga har ta mutu, don haka ba a shafa mata shi. A ƙasar da albasar Galmi ke shiga kusan kowace tukunya, ya kamata a san cewa albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa idan tana cin su a kai a kai, ragowar miyar da ake juye mata kullum kuwa cike take da su. Cikin tsirrai, kariya da ake dasawa don ado da tumfafiya da ke fitowa a kangaye duka suna da ruwa mai dafi.

Ko da a ce babu ɗaya daga cikin waɗannan, kwana uku na amai a gari kamar Tahoua, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ya isa ya ƙarar da ruwan jikin dabbar da nauyinta bai wuce kilo 3 ko 4 ba. Za ki iya gwadawa da hannunki. Ki kama fatar da ke tsakanin kafaɗunta a hankali ki ɗaga, sannan ki saki. A jikin lafiyayyar kyanwa fatar tana komawa nan take, idan kuwa ta tsaya a tsaye ko ta koma a hankali, ruwa ya yi ƙaranci. Ki ɗaga leɓenta ki taɓa dasashi da yatsa: ya kamata ya kasance ja-ja mai damshi da santsi, idan ya bushe yana kama yatsa, ko ya yi fari, ko ya yi rawaya, to a gaggauta. Ki ajiye mata ruwa mai tsabta kusa da inda ta ɓuya, kaɗan-kaɗan, amma idan tana sha tana amayarwa ba abin da zai mayar da shi sai ƙarin ruwa ta allura. Ƙin cin abincin ma yana da nasa haɗarin, domin kyanwar da ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse yakan taru a hantarta har hantar ta kasa aiki. Wannan ne ya sa ba a cewa a bar ta yunwa za ta koro ta.

Tun da na san akwai masu karatu da ke da tasu kyanwar, bari in ambaci sauran dalilan a gurguje. Tsutsar ciki tana da yawa ga kyanwar da ke farautar ɓera da ƙadangare, wani lokaci har a ga farare dogaye a cikin aman, kuma maganinta mai sauƙi ne idan likita ya auna shi daidai da nauyin dabbar, amma ƙwayar tsutsa ta tumaki ko ta shanu da ake saya ranar kasuwa ba ta dace da ita ba. 'Ya'yan kyanwa da ba a yi wa rigakafi ba suna kamuwa da wata cuta mai yaɗuwa da ke zuwa da amai, zawo da zazzaɓi, tana kuma kashe su cikin kwana kaɗan, don haka ɗan kyanwa ba a jira masa ko yini ɗaya. Rigakafinta ana fara shi ne wajen mako 8 ko 9 da haihuwa, a maimaita bayan mako 3 zuwa 4. Tsohuwar kyanwa da ke amai jefi-jefi, tana rama, tana shan ruwa da fitsari fiye da da, a duba ƙodarta da sukarin jininta. Muzuru kuwa, idan yana amai yana ta tsugunawa fitsari ba ya fita, mafitsararsa ce ta toshe, kuma yini ɗaya ko biyu ya isa a rasa shi. Kyanwar da take amai duk mako tsawon watanni ita ma tana bukatar dubawa, ko da tana cin abincinta.

Kafin ki sa hannu a bakinta, akwai gargaɗi ɗaya da ya shafi lafiyarku. Ciwon haukan kare yana nan a Nijar, kuma yana kama kyanwa. Idan wani kare ko wata dabba ta cije ta a makonni ko watannin baya, ko kika ga halinta ya juye, tana dalalar miyau, tana kai cizo ba dalili ko ƙafafunta na baya sun saki, kada ki taɓa bakinta, ki rufe ta a ɗaki ki kira ma'aikatan kiwo. Duk wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Abin da kika bayyana bai yi kama da wannan ba, amma ki ɗan raba 'yarki da ita har a gano matsalar, kuma a wanke hannu da sabulu bayan share aman.

Game da inda za ki je, ki nufi ofishin ma'aikatar kiwo na garin ko wani asibitin dabbobi mai zaman kansa. Gaskiya ne cewa mafi yawan aikinsu a kan shanu, raƙuma, tumaki da awaki yake, amma likitan dabbobi ya karanci kare da kyanwa, zai iya taɓa ciki, ya auna zafin jiki, wanda a lafiyayyar kyanwa yake tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan ɗoriya, ya yi ƙarin ruwa, ya kuma faɗa miki gaskiya idan abin na tiyata ne ko na turawa Yamai. Ki nemi ganin likitan da kansa, kada ki tsaya ga mai sayar da magani a kanti. Ki naɗe ta da tawul ko tsohon zane, ki saka ta a kwali mai ƙarfi da aka huda wa ramukan iska, ki ɗaure murfin, domin kyanwa mai ciwo idan ta firgita da ƙarar babur tana iya kuɓucewa ta ɓace. Kada a saka ta a buhu a ƙulle baki. Ki fita da sanyin safiya, ki ɗauki hoton aman a wayarki, ki kuma riƙe a ka ranar da ya fara, da ranar da ta yi kashi da fitsari na ƙarshe. Ki tambayi kuɗin kowane mataki kafin a fara, wannan haƙƙinki ne kuma ba abin kunya ba ne.

Maigida kuwa, ina ganin ba rashin tausayi ke damunsa ba, maganar mutane yake gudu. Ki same shi cikin natsuwa, ba a gaban mahaifiyarsa ba, ki nuna masa cewa wannan aman ya bambanta da wanda ya saba gani, ki kuma tuna masa cewa dabbar nan ita ke tsare muku hatsi da yadudduka daga ɓera. Ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba, ya kuma san cewa akwai lada a kan kyautata wa duk mai rai. Dabbar da muka ajiye a gida amana ce a wuyanmu, kuma wanda ya kai ragonsa a yi masa allura ba a yi masa dariya. Idan fitar ce ba ya so ki yi, ya kai ta da kansa ko ya aiki wani babban yaro da bayanin a rubuce. Ita kuma Inna, ki gode mata, ki ce mata an bincika an tarar wannan maganin ba ya karɓar kyanwa, ba sai an ja zancen ba.

Idan Allah ya sa ta samu sauƙi, ki dawo mata da abinci a hankali: dafaffen naman kaza ko kifi da aka cire wa ƙashi da ƙaya, ba gishiri, ba magi, ba albasa, cokali ɗaya ko biyu sau huɗu ko biyar a yini, har kwana biyu ko uku kafin ta koma abincinta. Wannan kuma shi ne abin da za ki yi nan gaba idan ta yi amai sau ɗaya tana cikin kuzarinta, bayan kin ɗauke kwanon na 'yan awoyi kin bar mata ruwa. Ki roƙi likita ya yi mata rigakafin haukan kare idan ta warware, ya kuma tsara miki maganin tsutsa duk bayan wata 3 tun da tana farauta. A ɗakin ɗinki, ki samu gwangwani mai murfi na zare da allurai, ki riƙa share guntayen zaren da ke zuba ƙarƙashin keke kafin ki tashi, ki rufe keken da zane idan kin gama aiki. Maganin ɓeran kuma a kwashe shi daga ɗakin ajiya a koma ga tarko, tun da akwai ƙaramar yarinya a gidan. Ki sake rubuto mana abin da likita ya gano, Allah ya ba ta lafiya.